Yadda Ake Kula Da Tsohon Murhun Gas Na Gashin Nama

Masu tsire, masu gasa kifi, masu shayi da mata masu suyar ƙosai sun taru a Kwanar Dangora domin sauraron jawabi a kan murhun gas. Sun zo daga ƙananan hukumomin Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa. Yawancinsu ɗaliban ajin yaƙi da jahilci ne. Wanda ya yi jawabin wani dattijo ne mai gyaran murhu da kayan gas, wanda ya daɗe yana wannan sana'a a birnin Kano. Ya zo da wani tsohon murhun gashin nama a bayan a-kori-kura, aka sauke shi a fili a gaban jama'a. Ga abin da ya faɗa.

Bayan ya yi sallama ya gaida dattawan gari, sai ya dafa murhun ya ce kowa ya matso ya duba. Akwati ne na ƙarfe mai murfi, a kan ƙafafu huɗu. A ciki akwai wayar da ake shimfiɗa nama. A ƙarƙashin wayar akwai bututu uku masu ƙananan huji, ta nan wuta ke fitowa. Can ƙasa akwai wurin ajiye tukunyar gas.

Ya ce wannan murhu daga Amurka ya fito. Mutanen can suna gasa nama da irinsa a bayan gida. Idan ya tsufa sai su rabu da shi, 'yan kasuwa su loda shi a kwantena tare da tsofaffin firji da kekuna. Daga Legas ya iso Kano, daga Kano ya shigo ƙauye. Akwai kuma wanda ake ƙerawa a gida. Mai walda ya yanka durom biyu, ya sa masa kan wuta da ƙafafu. Ko na waje ne ko na gida, kulawarsu ɗaya ce.

Dattijon ya ce ba abin mamaki ba ne da gas ya shigo karkara. Tun da gwamnati ta janye tallafin kananzir a shekarar 2016, risho ya gagari talaka. Itace da gawayi ma sun yi tsada. Duk wanda ke bin hanyar Jos ta cikin dajin Falgore ya san yadda ake sare bishiyoyi ana yin gawayi. Mai sana'a ya duba aljihunsa, ya ga sabon murhun gas ya fi ƙarfinsa, sai ya sayi na hannu. Ya ce wannan ba laifi ba ne. Laifin shi ne mai saye yana duba abin da bai kamata ya fara dubawa ba. Yana ƙwanƙwasa murfi, yana duba fenti, yana murza taya. Alhali haɗarin ba a nan yake ba. Yana cikin abubuwa uku da ba a kula su: tukunya, regileta da tiyo.

Halin Gas

Kafin ya shiga maganar gyara, sai ya ce dole mutum ya san halin abin da yake zaune da shi. Gas ɗin girki a cikin tukunya ruwa ne, ba iska ba. Wanda ya girgiza tukunya zai ji yana motsi. Matse shi aka yi da ƙarfi har ya zama ruwa. Da zarar ya sami hanya sai ya koma iska, ya kumbura fiye da sau 200. Shi ya sa ɗan abin da ya zuba yake cika ɗaki.

Abu na biyu, gas ya fi iska nauyi. Ba ya tashi sama kamar hayaƙi. Ƙasa yake kwanciya, ya bi gangare kamar ruwa, ya taru a rami, a kwata, a ƙarƙashin gado ko benci. Mutum yana tsaye bai ji komai ba, amma ƙafafunsa suna cikin gas. Guntun taba ɗaya da aka yar a ƙasa ya isa.

Abu na uku, asalin gas ba shi da wari. Da gangan ake zuba masa wani sinadari mai ɗoyi kamar ruɓaɓɓen ƙwai, domin hanci ya gane idan yana zuba. Saboda haka wanda ya ji wannan wari kada ya ce ai haka gas yake. Murhu mai lafiya ba ya wari.

Ya ƙara da cewa gas iri biyu ne, furofen da biyuten. Murhun Amurka da furofen ake aiki da shi. Wanda ake sayarwa a Nijeriya yawanci haɗin su biyun ne. Murhun zai ci da shi, sai dai wani lokaci a gyara masa shigar iska. Dukkansu kuma zafi yana ƙara masu ƙarfi. A watan Afrilu, lokacin da rana ke ƙuna a ƙasar Kano, gas ɗin da ke cikin tukunya yana tura jikinta fiye da yadda yake yi da hunturu. Tukunyar da tsatsa ta cinye, a irin wannan lokaci take ba da kai.

Rubutun Da Ke Jikin Tukunya

A nan dattijon ya daɗe. Ya ce ya ji daɗi da ya tarar masu sauraronsa sun iya karatu da lissafi, domin kowace tukunyar gas da takardar haihuwarta take yawo. Ba a takarda aka rubuta ba. A jikin ƙarfen aka buga, a wuyan da ake riƙewa ko a gindin da take zama a kai. Idan datti ya rufe, a goge da tsumma da ruwan sabulu, rubutun zai fito.

Na farko da za a nema shi ne wata da shekarar da aka ƙera ta. Lambobi ne guda biyu, na wata a gaba, na shekara a baya. Ya ce Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, wadda ake kira SON, ta ƙayyade wa tukunyar gas shekara 15. Bayan nan a daina aiki da ita. Kuma a cikin shekarun nan ana so a riƙa gwada ƙarfinta duk bayan shekara 5.

Sai ya kira wani saurayi mai tsire daga Tudun Wada ya ce ya karanta abin da ke jikin tukunyar da ta zo tare da murhun. Saurayin ya durƙusa, ya goge, ya karanta: 04-08. Dattijon ya ce wato watan huɗu na shekarar 2008. Ya ce a tara 15 a kan 2008. Jama'a suka amsa, 2023. Ya ce to, wannan tukunya wa'adinta ya wuce. Fentinta yana ƙyalli domin mai sayarwa ya fesa mata sabo, amma shekarunta suna nan. Ya gargaɗi jama'a da su yi hattara da tukunyar da aka lafta wa fenti har ya cike rubutun, ko wadda aka goge lambobinta da gurza. Wanda ya ɓoye shekarun tukunya ya san dalilinsa.

Na biyu shi ne nauyin tukunya ba komai a cikinta. Ana rubuta shi bayan haruffa biyu, TW. Wannan lamba tana tsare mai saye daga abu biyu, ƙwara da haɗari. Ya ba da misali. Idan tukunya mai cin kilo 12.5 ce, aka rubuta TW 13, to idan an cika ta a ɗora a sikeli a ga kilo 25.5. Idan bai kai ba, an rage wa mutum kaya. Idan ya zarce, an yi mata ɗura fiye da kima, kuma wannan ya fi muni. Ba a cika tukunya maƙil. Ana bar mata kusan kashi ɗaya cikin biyar ba komai, domin ruwan gas ya sami wurin kumbura idan ya ji zafi. Mai saye da ke roƙon mai gas ya ƙara masa gyara kamar yana awon gero, wuta yake roƙa.

Ya ja hankali a kan tukunyar Amurka. Su da laba suke awo, ba da kilo ba, kuma laba ɗaya ba ta kai rabin kilo ba. Idan aka ga TW 18 a irin wannan tukunya, kusan kilo 8 ke nan. Gas ɗin da take ci kuwa wajen kilo 9 ne. Mai ɗura da bai san haka ba yana iya yi mata ɗurar tukunya mai kilo 12.5.

Bayan karatu sai duban ido. A kalli gindin tukunya da kyau, domin a nan tsatsa take farawa, inda ruwa da laima suke kwanciya. Idan tsatsar ta sama-sama ce, a goge a shafa fenti. Idan ta yi rami-rami, ko ƙarfen yana ɓarewa, an gama da ita. Haka tukunyar da ta lotsa, ko ta kumbura, ko wadda ta taɓa shiga gobara. Kada a ajiye tukunya a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. A ɗora ta a kan katako ko bulo, a inuwa, a tsaye.

Regileta Da Tiyo

Regileta ita ce kan da ake ɗaurawa a bakin tukunya. Aikinta ta rage ƙarfin gas kafin ya isa murhu. Dattijon ya ce iri biyu ce a kasuwa. Akwai mai ƙaramin ƙarfi, wadda ake sa wa murhun gida da murhun gashi. Akwai mai babban ƙarfi, mai abin murzawa a kai, wadda masu dafa abincin biki suke sa wa manyan kawunan wuta. Wasu masu tsire suna sa wa murhun gashi mai babban ƙarfin, wai domin wuta ta yi ruri. Ya ce wannan kuskure ne. Ba a gina murhun domin wannan ƙarfi ba. Wuta za ta riƙa tsalle daga bututu, maɓallan kunnawa su fara yoyo, nama ya ƙone a waje cikinsa ɗanye.

Wata matsalar kuma, bakin regiletar Amurka bai dace da bakin tukunyar da ake sayarwa a nan ba. Sai ka ga mutum ya yanke tiyo, ya cusa wani a ciki, ya naɗe da robar tayar keke, ya ɗaure da waya. Dattijon ya ɗaga tiyon tsohon murhun, kowa ya ga haka aka yi masa. Ya ce abin da ya dace shi ne a cire tiyon da regiletar gaba ɗaya, a sayi sababbi waɗanda suka dace da tukunyar, a kai wa wanda ya san aikin ya haɗa. Kuɗinsu bai kai na ƙafar akuya biyu ba.

A cikin bakin tukunya ko na regileta akwai ɗan zoben roba. Shi ke toshe hanyar yoyo. Yana bushewa, yana tsagewa, wani lokaci ya faɗi a wurin ɗura ba a lura ba. A duba shi duk lokacin da aka sauya tukunya. Leda ko zare ba sa maye gurbinsa.

Game da tiyo, ya ce na gas daban yake. Yana da kauri, da zare a cikin jikinsa, kuma yawanci an rubuta shekararsa a kai. Tiyon ban-ruwa na lambu ba na gas ba ne. Farin tiyon da magina ke awo da shi ma ba na gas ba ne. Gas yana cin irin wannan roba a hankali. A lanƙwasa tiyo a duba. Idan ya nuna tsaga, ko ya ƙandare, ko ya yi laushi yana danƙo, a sauya. Masu ƙera shi ba sa so ya wuce shekara 5. Amma a ganinsa, da irin ranar ƙasar nan, da ɓeraye masu son maiƙo, mai sana'ar da ke kunna wuta kullum ya sauya nasa duk shekara biyu. Kada tiyo ya yi tsawo yana jan ƙasa yara suna takawa, kada kuma ya taɓa jikin murhu mai zafi. Kowane baki a matse shi da maɗaurin ƙarfe mai kusa.

Gwajin Ruwan Sabulu

Dattijon ya nemi a ba shi kofi, da ruwa, da guntun sabulu, da soso. Ya ce wannan shi ne babban kayan aikinsa, kuma kowa yana da shi a gida. Ya kaɗa sabulu har ya yi kumfa. Ya tabbatar maɓallan murhu duk a rufe suke. Ya ɗaura wata tukunya mai lafiya da ya zo da ita, ya buɗe ta. Sannan ya bi da soso yana shafawa: bakin tukunya, jikin regileta, tiyo daga farko har ƙarshe, da inda tiyo ya haɗu da murhu.

Da ya zo wurin da aka naɗe da robar keke, sai kumfa ta fara tasowa tana girma kamar ƙwan kwaɗo. Mutanen da ke gaba suka ja da baya. Ya rufe tukunyar nan take. Ya ce ga shi nan, ba a ji ƙara ba, a fili ma ba a ji wari sosai ba, amma gas yana fita. Da a cikin shago ne aka kwana a haka, wanda ya fara ƙyasta ashana da asuba shi zai ji a jikinsa.

Ya ce a yi wannan gwaji duk lokacin da aka sauya tukunya, da duk lokacin da murhu ya daɗe a ajiye. Akwai masu gwada yoyo da ashana. Ya roƙe su don Allah su bari.

Zanzaro Da Ƙuli-ƙuli

Daga nan ya koma cikin murhun. Ya cire waya, ya cire farantan ƙarfen da ke rufe bututun wuta, ya zaro bututu ɗaya ya ɗaga. Ya nuna bakinsa, inda gas ke shiga ya haɗu da iska. Ya ce wutar gas mai lafiya shuɗiya ce, tana tsaye, ba ta hayaƙi. Idan ta koma ja ko rawaya, tana lilo, tana baƙanta nama, to iska ba ta isa.

Ya tambayi jama'a wa ke toshe wannan hanya. Wani ya ce ƙura. Ya ce gaskiya ne, ƙurar hunturu tana yi. Amma manyan masu laifin su ne gizo-gizo da zanzaro. Gizo-gizo yana son yin saƙa a cikin bututun. Zanzaro kuwa da damina yake ɗebo laka ya gina ɗakinsa a ciki. Manomi mai tsire ya ajiye murhu ya tafi gona wata uku, ya dawo da kaka ya kunna. Gas ya tarar da hanya a toshe, sai ya dawo baya, wuta ta kama a wajen maɓalli, dab da hannu da tiyo. Maganin abu ne mai sauƙi. A zaro bututu, a zura masa siririn kara ko waya mai laushi, a kakkaɓe, a leƙa a ga haske ya fito ta ɗaya gefen. Idan za a ajiye murhu ya daɗe, a naɗe bututun a leda.

Ƙananan hujin da ke jikin bututu su ma suna toshewa. A nan ya yi wa masu tsire magana ta musamman. Ya ce wanda ya ƙera murhun bai san ƙuli-ƙuli ba. Garin ƙuli da man gyaɗa da yaji suna zuba, su ƙone, su daskare kamar kwalta a kan hujin. Saboda haka mai tsire yana bukatar shara fiye da yadda Bature ke yi. Duk mako a bar murhu ya huce, a bi hujin ɗaya bayan ɗaya da allura ko siririyar waya. Idan tsatsa ta haɗe huji biyu ko uku suka zama tsaga, bututun ya mutu, a sauya shi.

Akwai kuma ɗan hancin tagulla mai rami ƙanƙane kamar idon allura, wanda gas ke fitowa ta cikinsa. A busa shi, a goge shi, amma kada a faɗaɗa ramin da ƙusa. Wanda ya faɗaɗa zai ga wuta ta ƙaru, amma ja ce, gas kuma zai riƙa ƙarewa da wuri.

A ƙarƙashin murhu akwai farantin da kitse ke taruwa. A zubar da shi kullum bayan an tashi. Yawancin wutar da ke tashi a irin wannan murhu daga tsohon kitse take. Idan ta tashi, a rufe tukunya, a rufe murfi. Kada a watsa ruwa, domin ruwa yana fantsama mai da wuta tare. Bokitin yashi ya kasance a kusa.

Wayar gashi kuwa, a kankare ta da ɗumi, a shafa mata man gyaɗa domin tsatsa. Wanda ya goge da buroshin ƙarfe ya bi da jiƙaƙƙen tsumma, domin siririn ƙarfe yana karyewa ya maƙale a nama, mai ci ya haɗiye. Idan wayar ta mutu, kada a maye ta da ta tsohon firji ko wayar shinge, ko wadda aka yi wa fenti. Abin da aka rufe su da shi ba na abinci ba ne.

Wurin Kafawa Da Kunnawa

Ya ce murhun gashi na waje ne. Ba a kunna shi a cikin ɗaki ko rufaffen shago, ko da sanyin hunturu ya kai yaya. Wutar da ba ta samun isasshiyar iska tana fitar da wata guba marar wari, mai sa ciwon kai da barci, mutum ya kwanta bai tashi ba. A nisanta shi da zana, da rumfar ciyawa, da tarin kara, aƙalla taku huɗu ko biyar. Ya nuna bakin titi ya ce su masu sana'a a mararraba irin wannan, su duba maƙwabtansu. Mai tsire a nan, ɗan bumburutu da jarkokin fetur a can, janareta a tsakani. Ya kamata shugabannin kasuwa su raba su.

Wajen kunnawa, murfi ake fara buɗewa. Idan da ashana ne, a ƙyasta tukuna, sannan a murɗa maɓalli. Idan wuta ba ta kama nan da nan ba, a rufe komai, a jira minti biyar gas ya watse, sannan a sake. Kada a leƙa da fuska. Idan an tashi aiki, tukunya ake fara rufewa, gas ɗin da ke cikin tiyo ya cinye, sannan a rufe maɓalli.

Idan aka ji warin gas, kada a kunna komai, kada a taɓa makunnin lantarki. A rufe tukunya, a buɗe ƙofa da taga, a kori yara. Idan yoyon bai tsaya ba, a fitar da ita fili a tsaye, nesa da wuta, nesa da rijiya da kwata da masai. Idan wuta ta riga ta kama jikin tukunya, kowa ya yi nisa, a kira 'yan kwana-kwana. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112. Wanda ya ƙone, a zuba wa wurin ruwa mai sanyi mai tsabta kamar minti 20, a rufe da tsabtataccen ƙyalle, a kai shi asibiti. Ban da ƙwai, ban da man goge haƙori, ban da toka.

Ya kuma yi magana kan wurin ɗura. Ya tuna wa jama'a abin da ya faru a Sabon Tasha, Kaduna, ranar 4 ga Janairu, 2020. Gas ya fashe a wani shagon ɗura, mutane suka rasu. A cikinsu har da Farfesa Simon Mallam, shugaban Hukumar Makamashin Nukiliya ta Nijeriya, wanda ba shi da hannu a sana'ar, yana wani shago ne a kusa. Saboda haka a nemi mai ɗura da ke da lasisi, da sikeli, da fili, wanda ba ya aiki kusa da mai suya ko mai walda. A hanya kuma tukunya a tsaye ake ɗaukar ta, a ɗaure ta da kyau a kan babur, kada a bar ta a rufaffiyar mota cikin rana.

Tambayoyi

Wata mai gasa kifi daga Tiga ta ce, "Baba, idan gas ya kusa ƙarewa, nakan kwantar da tukunyar ko in zuba mata ruwan zafi, sai wuta ta ƙaru. Akwai laifi?" Ya ce, "Akwai, 'yata." Ya bayyana cewa idan aka kwantar da tukunya, ruwan gas ne ke shiga tiyo maimakon iska, wuta ta tashi bagatatan. Ruwan zafi kuma yana ƙara mata ƙarfin da ba a auna ba. Abin da ya rage a ƙasan tukunya bai kai a sayar da rai a kansa ba.

Wani dattijo daga Riruwai ya ce, "Malam, mu gas nesa yake da mu. Idan tukunya ta huje, ba za a kai wa mai walda ya liƙe ba?" Ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Alhaji, ba a yi wa tukunyar gas walda." Ko an ga kamar ba komai a cikinta, akwai sauran gas da zai tashi da mai waldar. Ko an tsira ranar, wurin da aka liƙe ba zai riƙe ƙarfin gas ba. Tukunyar da ta mutu kada a sayar wa wani ya ci gaba da aiki da ita, kada a ba 'yan gwangwan su sare ta, kada a yi kujera da ita a bakin wuta. A mayar wa babban wurin ɗura, su suke da hanyar zuƙe ta.

Saurayin nan mai tsire daga Tudun Wada ya ce masu saye suna cewa tsiren gas bai kai na gawayi daɗi ba. Jama'a suka yi dariya. Dattijon ya ce shi ma ba zai yi musu ba, ƙamshin hayaƙin itace daban ne. Amma ya hana zuba gawayi a cikin murhun gas, domin toka tana toshe huji, zafin kuma yana cin bututu. Wanda ke son ƙamshin ya jiƙa 'yan ɓaraguzan itace, ya sa a ƙaramin gwangwani marar fenti mai huji, ya ajiye a gefe ɗaya a kan farantin wuta.

Da tambayoyi suka ƙare, sai ya yanke tsohon tiyon ya jefar, ya ɗaura sabo da sabuwar regileta. Ya ba wata mai ƙosai daga Kiru soson ta yi gwajin da hannunta. Ta bi ko'ina, kumfa ba ta tashi ba. Ya buɗe murfi ya kunna. Bututu biyu suka ba da shuɗiyar wuta, na uku ya ba da ja. Ya kashe, ya jira ya huce, ya zaro shi ya buga a ƙasa. Dunƙulen busasshiyar laka ya faɗo, da mataccen zanzaro a ciki. Aka mayar, aka sake kunnawa, duka ukun suka yi shuɗi. Masu tsire suka jera nama aka gasa wa baƙi.

Tukunyar nan ta 2008 kuwa, wani ya taya ta da kuɗi a hannu. Dattijon ya ƙi. Ya sa aka ɗaure ta a tsaye a bayan motar da ta kawo shi, ya koma da ita Kano.